Shuɗin Alli a Ƙasan Takalmi

Merle Hartigan ba ta taɓa yarda da takarda ba, kuma ba a shekara saba'in da shida za ta fara ba. Shekara hamsin da ɗaya suna kiwon tumaki ita da mijinta Clarrie, duk ranar da wani ya rubuta mata cewa ɗari huɗu ne suka shiga garke, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙirga da idonta. Sau da yawa kuwa sai ta tarar babu biyu ko uku.

To ga ta yanzu da wata takarda a bayan ƙofar ɗakin Clarrie, a gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari, ɓangaren masu ciwon mantuwa. Kowace rana akwai layinta, kowane layi da maki: an yi masa wanka, ya ci abinci, an zagaya da shi lambu. A gaban zagayen lambun, kusan kullum sa hannun Litiana ne.

Zagayen nan shi ne ya tsaya wa Merle a rai. Ranar da aka kawo Clarrie, wata takwas da suka wuce, likita ya gaya mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba: kansa ya tafi, ba zai dawo ba, amma ƙafafunsa suna nan muddin yana taka su kullum. Ranar da ya zauna, za a mayar da shi ɓangaren baya, inda ake jera mutane a manyan kujeru su fuskanci talabijin. Merle ta leƙa can sau ɗaya. Ba ta ga wanda ya shiga da ƙafarsa ya sake fitowa da ita ba.

Talata da Juma'a take zuwa, kilomita saba'in a tsohuwar a-kori-kurarsu. Tana zaune tana ba shi kek da shayi, amma idonta na kan barandar. Ma'aikata biyu ne da rana, tsofaffi goma sha takwas. Wannan na neman bayi, waccan ta zubar da miya a jikinta, ƙararrawa na kuka a ɗaki na bakwai ba mai amsawa. A ina mutum zai samu minti ashirin na jan tsoho a lambu? Fuskokin ma ba sa zama. Wadda ka gani yau, mako mai zuwa an ce ta koma birni.

Litiana ce kaɗai ta daɗe. 'Yar Fiji ce, doguwa kakkaura, mai dariya tun daga ƙarshen baranda. Dariyar ce ma ba ta kwanta wa Merle ba. Mutumin da aiki ya sha kansa haka, me yake yi wa dariya?

Sannan ga maganar takalma. Da farko Merle ta kawo wa Clarrie takalmansa na gona, na fata masu rufe idon sawu, waɗanda ya sa aka sake wa ƙasa sau biyu. Shugabar gidan, Janelle, ta ce ba a yarda da su ba, sun yi nauyi, zai iya tuntuɓe. Aka ba shi wasu masu laushi, baƙaƙe marasa igiya, irin na kowa. Merle ta tura na gonar ƙasan kabad don ba ta iya komawa da su gida ba. Bayan wata biyu ta duba, babu su. Fata ce mai kyau, kuma ta ji Litiana na cewa tana haɗa kayan da za ta aika wa mijinta. Merle ta ajiye abin a ranta.

Wata Talata ta zo da guntun shuɗin alli a jakarta, irin wanda ake shaida tumaki da shi lokacin ware su. Da ta ga ba kowa, ta durƙusa da kyar, ta cire wa Clarrie takalman nan masu laushi, ta goga allin a ƙasansu tun daga dunduniya har yatsu, ta mayar masa.

"Wace ce za a sayar?" in ji Clarrie, yana kallon allin.

"Ba wadda za a sayar, tsoho. Sha shayinka."

Ranar Juma'a takarda ta nuna zagaye uku. Ƙasan takalma kuwa shuɗi shar, in ban da ɗan gogewa a dunduniya, na zuwa bayi da dawowa. Hanyar lambun siminti ce mai kaushi, taku goma ya isa ya cinye allin. Merle ta ji wani abu mai kama da daɗi, irin na wanda zarginsa ya tabbata. Ta sake gwadawa, don ita ba ta yanke hukunci da ƙirga ɗaya. Sau uku, duk haka.

A karo na ukun ne Litiana ta shigo da tawul a kafaɗa.

"Mama Merle! Yau kuma kek ɗin lemo? Baba Clarrie, ka ga yadda ake lalata ka? Ni ko ɓarɓashi ba a rage mini."

"Yana tafiya kuwa?" Merle ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Tafiya? Ai ni ke bin sa da gudu, Mama."

"Kullum?"

"Duk ranar da nake aiki."

"A lambu?"

Dariyar ta ɗan tsaya. Litiana ta waiga ƙofa, ta rage murya. "Mama, akwai abin da nake so in gaya miki, amma ba a nan ba. In kin fito wajen mota…"

Ƙararrawar ɗaki na bakwai ta ɗauka. Wani ya ƙwala kiran sunanta daga baranda, ta fita da sauri. Merle ta taɓe baki. Ta san irin maganar wajen mota: haƙuri za a ba ta, a ce aiki ya yi yawa, a roƙe ta ta rufa asiri. Ba ta jira ba. Ta zare takalmi ɗaya daga ƙafar Clarrie, ta ciro takardar daga bayan ƙofa, ta nufi ofis.

Janelle na da murmushin da ba ya kai wa idonta, kuma tana kiran Merle da sunanta tsirara kamar tare suka yi makaranta.

"Merle! Shigo mana. Yaya Clarrie ɗinmu?"

Merle ta kifa takalmin a kan tebur, shuɗin yana sama, ta ajiye takardar a gefensa.

"Clarrie ɗinku, a takarda, ya zagaya lambu sau tara cikin kwana goma. Ga ƙasan takalminsa. Ko dai tashi sama yake yi, ko wani na yi mini ƙarya."

Ta bayyana yadda ta yi. Murmushin ya gudu. Janelle ta ɗaga waya, ba a jima ba Litiana ta shigo, hannunta a jiƙe.

"Wannan sa hannunki ne?" Janelle ta tambaye ta.

"Nawa ne."

"Kin zagaya da shi lambu da waɗannan takalman?"

Litiana ta dubi takalmin, ta dubi Janelle, sannan ta dubi Merle, ta daɗe tana kallonta. Merle ta ɗauke kai.

"A'a," in ji Litiana. "Ba da waɗannan ba. Ba a lambu ba."

"Wato ba ki yi ba, kika rubuta kin yi."

Takardar izinin zaman Litiana a ƙasar a hannun kamfanin gidan take, kowa ya san haka, har da Merle.

"Ki tambaye ta takalmansa na gona ma," Merle ta ƙara. "Suna da ƙafa, amma ban san suna tafiya su kaɗai ba."

Nan ne idon Litiana ya kawo ruwa.

Ba a kore ta ba, don kamfanin na fama da ƙarancin ma'aikata ko'ina. An dai mayar da ita wani gidan na kamfanin, tafiyar awa huɗu, tare da gargaɗi a rubuce. Janelle ta raka Merle har ƙofa tana cewa sun gode da ta buɗe musu ido, kuma za ta yi wa sauran ma'aikata bayani. Merle ta tuƙa motarta gida tana jin ta yi abin da ya kamata.

Talata ta goga alli. Juma'a ta duba, babu shi. Ta yi ajiyar zuciya, har ta ba sabuwar yarinyar da ke aikin ranar yankan kek. Mako na biyu ma haka.

Sai dai Clarrie ba ya yi mata kama da mai tafiya. Ƙafafunsa sun kumbura a idon sawu. Da, in ta shigo, yakan dafa kujera ya miƙe, ko bai gane ta ba, don shi bai iya zama mace na tsaye ba. Yanzu sai dai ya ɗaga kai. A mako na uku ta kai takalmin bakin taga ta juya shi a haske. Babu alli a dunduniya, babu a yatsu. Babu kuma a ɗan lungun nan na tsakiya, wanda ƙasa ba ta taɓa shi ko mutum ya yi tafiyar kwana. Ta kai hanci. Ƙamshin sabulun goge tebur ne.

Ta zauna a bakin gado da takalmin a cinya. Ta koya musu inda take dubawa, su kuma sun koyi gogewa. Wa za ta kai wa ƙara yanzu, da wace shaida? Takarda cike da maki, takalmi fes.

A mako na biyar Janelle ta tare ta a baranda da murya mai taushi. An gwada Clarrie, ya kasa tsayuwa ba mutum biyu. Ranar Litinin za a mayar da shi ɓangaren baya, inda za a fi kula da shi. Haka ciwon yake, Merle, ba laifin kowa ba ne.

Merle ta fito ba ta ganin gabanta sosai. Tana laluben makullin mota sai ga matar da ke wanki a gidan, wata siririya mai furfura da ba su taɓa magana ba, ta fito ta ƙofar gefe da leda a hannu.

"Misis Hartigan. Litiana ta ce in ba ki wannan hannu da hannu. Na yi ta jin tsoro, kar a ce da ni a ciki. Amma na ji zancen Litinin."

Takalman gonar ne. An shafa musu mai, an sa sabuwar igiya. Merle ta juya su. Busasshen taɓo ne cike da ramukan ƙasan, da ƙayar ciyawa, da wani abin da ba sai an gaya mata ba, don ta shekara hamsin tana kankare shi a bakin ƙofar kicin. Kashin tumaki ne.

"Babu tumaki a lambun nan," ta ce.

"Akwai a bayan katanga, gonar maƙwabci. Bayan injin wankina take ɓoye su. In lokacin cin abincinta ya yi, sai ta sa masa, ta fita da shi ta ƙofar baya, su bi shinge har ƙarshe su dawo. Shi yana ƙirga tumaki, ita tana cin burodinta a tsaye. Da an sani, fitar da shi waje da takalman da aka hana, ai ba canjin gida ba ne, jirgi za a sa ta." Matar ta gyara tsayuwa. "Ta gwada da baƙaƙen nan, har ta gaji. In an sa masa su ko motsi ba ya yi. Cewa yake an tashi aiki."

Merle ta jingina da motar. An tashi aiki. Shekara hamsin da ɗaya, Clarrie na cire takalman gona a bakin ƙofa da yamma ya zura masu laushi, daga nan kuma ko gobara ake ba ya sake taka waje sai ya mayar da na fata. Ita ce ma take jera masa su kowace safiya. Yarinyar da ta zo daga wata ƙasa ta gano wannan cikin wata biyu, ita kuwa da ta san shi tun yana da gashi, ta tsaya goga alli. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Ta koma ciki da ledar, ta danna lambobin buɗe ƙofa, ta wuce ofishin Janelle ba ta ko kalle shi ba. Ta durƙusa gaban Clarrie, ta cire baƙaƙen ta jefa ƙarƙashin gado. Ƙafar ta kumbura, sai da ta sassauta igiyar har ƙasa kafin ta shiga. Ta ɗaure.

Clarrie ya dubi ƙafafunsa. Fuskarsa ta washe, ya gyara zama, ya laluba hularsa a kan tebur.

"An makara," ya ce. "Ina yarinyar?"

"Ba ta nan. Ni ce yau."

"Ita ta san ƙofar."

"Za ka nuna mini. Tashi, tsoho."

Ya dafa hannuwan kujera ya yunƙura. Ya ɗago kamar tsawon tafin hannu, gwiwoyinsa na rawa, ya koma. Merle ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, ta ce su sake. Suka sake. A karo na uku bai ko ɗago ba, sai numfashi yake, yana kallon ƙofa.

"Bari mu jira ta," in ji Clarrie. "Ba ta taɓa saɓawa ba."

Merle ta zauna a ƙasa kusa da takalman, hannunta a kan igiyar. Allin na cikin aljihunta, ya murƙushe, ya ɓata mata yatsu. A ɗaki na bakwai ƙararrawa ta fara kuka.