Gorunan Tarun Cindo

Cindo ya sake jefa ƙugiya, ya ja a hankali, ta fito da ciyawa. Tun safe abin da yake yi ke nan. Jiya da la'asar ya shimfiɗa tarunsa a wannan yankin na tafki, gorunan roba suna yawo a kansa, kowanne da shuɗin zare a wuya. Yau babu ko ɗaya. Taru in ya rasa gora dalma ce ke janye shi ƙasa, can kuma kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye suna jira. Ba shi da wani tarun sai wannan.

A bakin ruwa aka gaya masa. Ƙaramar hukuma ta sa jirgin inji yana kwashe robobi daga tafki, don a tsabtace gari. Jiya ya bi ta nan.

Cindo ya ɗaure kwalekwalensa, ya nufi rumfar da ake tara robobin a Yelwa.

Rumfar sabuwa ce, da farantan sola a rufi da injin matse roba yana gurnani. A gefen sikeli ya ga tulin goruna. Ya tsuguna ya tona, ya zaro ɗaya mai shuɗin zare, ya zaro wani.

"Baba, lafiya?"

Sufyanu ne, mijin 'yarsa Kulu, sanye da rigar aiki mai ruwan ɗorawa. Shi ke tuƙa jirgin. Ganin zaren, sai ya sunkuyar da kai.

"Wa ya yanke wanga?" in ji Cindo.

"Yaran aikin baƙi ne, Baba, 'yan cikin gari. An ce musu duk robar da suka gani kan ruwa shara ce."

"Kai fa? Baƙo ne kai?"

"Ina baya wajen inji. Sai da muka sauke na lura."

"Ka lura, ka tafi gida ka ci tuwo."

Sufyanu ya ciro waya daga aljihu, ya durƙusa, ya miƙo ta da hannu biyu. Ya ce an liƙa wa jirgin na'ura, duk inda ya bi tana zanawa, duk inda ya tsaya tana ɗiga alama, don ofis ya san an yi aiki. Ga layin jiya. Ga inda suka daɗe tsaye, gabas da tsibiri.

Cindo bai kalli wayar ba.

"Tun ubanka bai yi wayo ba nake cikin ruwan nan. Gilashi ne zai nuna mini shi?"

"A'a, Baba. Ruwan ka san shi. Inda muka yi ɓarnar kawai ta sani."

Iska ta fara tasowa daga kudu. Cindo ya dubi sama. In ta yi ƙarfi kafin la'asar, tarun zai naɗe a kututture, sai dai a ciro tsumma.

Ya kwashe gorunansa cikin buhu, ya saɓa, ya kama hanyar bakin ruwa. Sufyanu ya tsaya inda yake, bai san ko an sallame shi ba.

Sai da tsohon ya yi nisa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kwalekwalena za mu shiga, ba naku ba. Kai za ka yi tuƙi. Abin nan kuma ka sa shi cikin leda, kada ya jiƙe."