Hannun da Ke Haɓar Zanen Inna Tasalla

Jiya bayan azahar Inna Tasalla ta yi wani mafarki, ita da ba ta yarda da barcin rana ba, balle mafarkinsa. Abin da ya kwantar da ita ma ɓacin rai ne. Jikarta Zulai, wadda ta yi rainonta tun tana rarrafe, ta zo hutun ƙarshen mako daga makarantar horar da jami'an tsaro, kuma jibi za a yi musu jarrabawar harbi ta ƙarshe. Duk wanda ya faɗi zai tattara komatsansa ya koma gida. Zulai ta ci gudu, ta ci fareti, ta ci karatu. Harbi ne kaɗai ya gagare ta, domin da dama take riƙe bindiga alhali ita bahaguwa ce.

Suna cin dambu Zulai ta kawo zancen, idonta a cikin kwano.

"Inna, malaminmu ya ce akwai ƙananan bindigogi da suka dace da bahagwai. Wai duk mai so ya faɗa, a zaɓar masa."

"To ke ina ruwanki?" in ji Inna Tasalla. "A gidan nan ba mu da bahago. Na gyara ki tun kina 'yar mitsitsiya."

"Haka ne, Inna," in ji Zulai, ta ci gaba da cin dambunta da dama.

Wannan "haka ne" ɗin shi ya fi ɓata wa tsohuwa rai. Da yarinyar ta yi gardama, da ta san yadda za ta yi da ita. Sai ta ja tabarma gindin dalbejiya, ta ce za ta ɗan miƙe bayanta.

Ta tsinci kanta a bayan keke mai ƙafa uku, wani rago yana tuƙi, ya rataya waya a ƙaho.

"Ina muka nufa, Hajiya?"

"Miƙe kawai."

"Ba a miƙewa a garin nan, sai dai a yi hagu."

Suka yi hagu, suka ƙara yin hagu, suka yi ta yin hagu. A lissafin Inna Tasalla ya kamata a ce sun dawo inda suka tashi, amma sai ga su a bakin kasuwa. Hayaƙin masu waina ƙasa yake nutsewa. Inuwoyi ne zaune a rumfuna suna ciniki, masu su kuma suna kwance a ƙasa suna bin su duk inda suka motsa. Kowa da hagu yake gaisawa. Inna Tasalla ta yi tsaki, ta ce lallai mutanen garin nan ba su da kakanni.

Rumfar bindigogi tana tsakanin masu daddawa da masu kuka. Mai rumfar wani zabo ne mai hula da tabarau, ya kasa ƙananan bindigogi a kan faifai, yana yayyafa musu ruwa kada su yi yaushi.

"Maraba da Inna. Ta miya kike so ko ta aiki?"

"Ta jarrabawa. Jikata zan zaɓar wa."

"Kin zo da hannun? Ba ma bayarwa sai an gwada, kamar takalmi."

Ta ce masa hannu yana gida a jikin mai shi, ina aka taɓa yawo da hannun mutum? Zabon ya leƙo ta saman tabarau.

"Wancan na dama ne. Duba haɓar zanenki."

Ta kwance ƙullin da take ajiye goro. Babu goro. Wani ɗan ƙaramin hannun hagu ne a naɗe a ciki, da sauran jan lalle a farcensa, yana ƙamshin man kaɗanya. Nan take ta gane shi. Shi ne wanda ya fara kaiwa cikin kwanon tuwo lokacin da Zulai take koyon ci da kanta, ta kama shi ta ɗora a cinyarta. Ba ta taɓa dukansa ba, kuma tana alfahari da hakan, don maƙwabta da muciya suke gyara nasu. Ita riƙewa kawai take yi, da taushi, kowane cin abinci, kowace miƙa kaya, kowace gaisuwa. Ashe mantawa ta yi ba ta sake shi ba.

Hannun ya yi miƙa, ya ƙwanƙwasa 'yan yatsunsa, ya rusuna a kan faifai.

"Ina wuni, Inna," ya ce da muryar Zulai ta yarinta.

"Lafiya lau, ɗan nan. Ka ci abinci?"

"Ai ni ba na ci," in ji shi, ba tare da wani ƙorafi ba.

Zabon ya yi bayani cewa duk waɗannan masu ɗura wa kansu ne: ka harba ɗaya, ta tofar da kwanson, ta haɗiyi na gaba, ba sai ka roƙe ta ba. Ya turo wata baƙa mai sheƙi. Ita kuwa ta yi gyaran murya tun kafin a taɓa ta.

"Ni maɓallaina duk gefe guda suke, inda babban yatsan dama yake sauka. Wanda ya zo mini ta hagu sai ya zagayo."

Ɗan hannun ya rungume ta, ya laluba da babban yatsa inda maɓallin sakin gidan harsashi ya kamata ya kasance, ya tarar da ƙarfe sumul. Ya dai daure ya ja kunamar. Ƙwayar gyaɗa ta fita ta bugi buhun kukar maƙwabci, ɓawon kuma, da zafinsa, ya zo ya sauka a kan hancin Inna Tasalla.

"Mara kunya!" ta ce. "Ɗauke ta. Wannan ko ruwa ba za ta ba baƙo ba."

Ta biyun mai ladabi ce, har da tambayar mutanen gida. Ta ce ita ana iya cire mata maɓallin gidan harsashi a mayar da shi ɗaya gefen in an kai ta wurin mai gyara, sai dai makullinta na hana harbi ba ya tashi daga inda aka haife shi. Inna Tasalla ta ce wato rabin mutunci gare ta. Duk da haka aka gwada. Ɗan hannun ya yi ɗage, ya yi ta miƙa yatsa, bai kai ga kunamar ba.

"Ta yi masa girma," in ji Inna Tasalla.

"Ba ita ta yi girma ba, shi ne bai girma ba," in ji zabon. "A ƙulle yake, ta ina zai girma? Ku dai hanzarta, ga Jibi can ta shigo kasuwa."

Ta waiwaya. Jibi wata doguwar mace ce cikin kaki, da usur a wuya, ta tsaya wurin masu albasa tana taya kashi. Ba sauri take ba, amma duk rumfar da ta bari ba ta komawa.

Sai ga Inna Tasalla da ɗan hannun a tsakar gidanta, sai dai an juya shi, rijiya ta koma inda madafi yake. Ɗan hannun ya ɗauki allurar da ta gagari tsohuwa tun safe, ya zura zare a tashi ɗaya. Ya ƙaru kaɗan. Ya ɗauki dutse ya jefi mangwaron da ke can ƙololuwa, mangwaron ya faɗo sama, ya bi shi ya kamo. Ya ƙara ƙaruwa. Ya yanka kuɓewa, ya ƙulla guga, ya kashe sauro a iska. Inna Tasalla tana zaune a kan turmi tana kallo, abin yana yi mata daɗi yana kuma yi mata ciwo, don babu ɗaya a cikin waɗannan da ba ta taɓa gani ba. Ta sha hango Zulai ta taga tana yin su, in yarinyar ta zaci ba kowa. Kullum sai ta kau da kai, ta ce ba ta gani ba.

Kafin ta tashi daga kan turmin hannun ya zama na budurwa, dogayen yatsu, da ɗan tabon wuƙa a gindin babban yatsa.

Sai ga su a rumfar zabon kuma. Jibi ta iso wurin masu daddawa, tana sunsuna ƙwallo ɗaya.

A ƙarshen faifan akwai wata da ba ta ce uffan ba tun ɗazu. Ba ta da sheƙi, ba ta da surutu. Zabon ya juya ta gaba da baya don Inna ta gani: maɓalli nan, maɓalli can, makulli nan, makulli can, kamar tukunya mai kunne biyu.

"Ke ba kya magana?" in ji Inna Tasalla.

"Me zan ce? Duk hannun da ya zo, baƙona ne."

"Ɓawon fa? Ina kike zubarwa?"

"Gefen dama, kamar sauran 'yan uwana, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma nesa nake jefawa, ba na watsa wa mutum a fuska."

Wannan amsa ta kwanta wa tsohuwa, don ita tana son mai faɗin aibinsa da kansa. Hannun ya kama mariƙin, yatsu suka zagaye shi daidai, babban yatsa ya sauka a kan makulli kamar dama can gidansu ne. Aka rataye wani faifai a jikin iska. Hannun ya ɗaga, ya tsaya cak, ya ja kunama. Gyaɗar ta shige ta tsakiyar faifan, inda aka fara saƙa shi.

"Madalla," in ji faifan.

Inna Tasalla ta rangaɗa guɗa, guɗar ta fito ta kunnenta. Inuwoyin kasuwa suka taso suna yi mata barka. Ta tambayi zabon abin da za ta bayar, ya ce a nan ba a biya, karɓa kawai ake yi.

"Ki karɓa ki kai mata, shi ke nan ta ci."

Hannun ya zare gidan harsashin, ya duba cikin bindigar ya tabbatar babu komai, ya juya bakinta ƙasa yadda aka koya wa mai shi. Sannan ya rusuna, ya miƙa wa Inna Tasalla.

Ba ta yi niyya ba. Bakinta ne ya riga ta, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

"Da wane hannu kake miƙo mini?"

Hayaƙin waina ya tsaya a rabin hanya. Zabon ya cire tabaransa ya shiga gogewa da fiffike.

"Haka ne, Inna," in ji hannun.

Ya ajiye bindigar a hankali. Yatsun suka fara gajarta, tabon wuƙar ya ɓace, jan lallen ya dawo. Ya hau zanenta da rarrafe, ya shige haɓar, ya ja bakin zanen ya ƙulle kansa da kansa, don ya daɗe da koyon yadda ake yi.

"Tsaya, ɗan nan, ba haka nake nufi ba! Fito!"

Muryar ba ta fita ba. Ta kama ƙullin da farce, ta kama da haƙori, ƙullin sai ƙara tamkewa yake. Tana jin ɗan motsinsa a ciki, yana gyara kwanciya. Inuwa ta rufe faifan bindigogi, ta ɗaga kai, ga Jibi tsaye a kanta da albasa a leda.

"Salamu alaikum," in ji Jibi. "Ina mai harbin?"

Zabon ya ɗauki murfin kwano ya saki a ƙasa, wai alamar an tashi kasuwa. Murfin ya yi ta juyawa, ƙwalalan, ƙwalalan, ƙwalalan.

Murfin kwanon sha ne yake juyawa a kan simintin tsakar gida. La'asar ta yi, inuwar dalbejiya ta gusa ta bar ƙafafunta a rana. Inna Tasalla ta ga hannayenta biyu a kan haɓar zanenta, ta kwance ƙullin, ɓarin goro ya faɗo.

"Yi haƙuri, Inna, na tashe ki. Suɓuce mini ya yi," in ji Zulai.

Kunun tsamiya ta kawo. Tana tafe da kwanon a hannun hagu, ko digo bai zuba ba. Da ta zo dab da tabarma sai ta ɗan tsaya, kamar kullum, ta mayar da shi dama, kunun ya yi tangal-tangal ya ɗiga a yatsunta.

"Mayar da shi inda yake," in ji Inna Tasalla.

"Na'am?"

"Kunnenki ƙalau. Mayar da shi, ki miƙo."

Zulai ta dubi fuskar kakarta tana neman inda tarkon yake. Ba ta gani ba. Ta mayar da kwanon hagu, ta durƙusa, ta miƙa a ɗarare. Inna Tasalla ta karɓa, ta ajiye a gefe, ta kama hannun. Ga dogayen yatsun, ga tabon wuƙar. Ta juya shi, ta shafa tafin, idonta ya ciko.

"In kin koma, ki ce wa malamin naku mai kunne biyu kike so. Maɓalli nan, maɓalli can, makulli ma haka. Ki riƙe ta ki ji ko yatsanki ya kai. Kuma ki tambaya ina take zubar da ɓawonta, kada ki yarda da mai watsa wa mutum a hanci."

"Inna! A ina kika san duk wannan?"

"Kasuwa na je."

Zulai ta fashe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma wani abu dabam, ta sunkuyar da kai.

"Tuwo dai da dama, wannan ban janye ba," in ji Inna Tasalla. "Amma bindiga ba tuwo ba ce."

Ta ƙara matse hannun sau ɗaya, yadda take yi tun yana ɗan mitsitsi. Sannan ta buɗe yatsunta, ta sake shi.