Bayanin Gundumar da Anisa Ta Nema

Malam Jibrin ya yi shekara ashirin da shida yana malamin gona a ƙasar Zurmi kafin tashin hankali ya koro shi Kaura Namoda. 'Yarsa Anisa tana karatun noma a Indunusiya, a tsibirin Jawa. Wata Talata ta bugo masa waya.

"Baba, an sa mu rubuta bayanin gundumar da makarantarmu take, ƙauyukanta da yawan mutanenta da shinkafar da suke nomawa. Na gama. Yanzu malamin ya ce kowane baƙo ya rubuta na gundumarsu. Ka taimaka mini da namu."

"To, ɗiyata. Ba ni kwana biyu."

Ya ciro tsohon littafin aikinsa mai ƙauyuka talatin da ɗaya, kowanne da gero da dawar da yake fitarwa. Ya tafi tasha wurin Maitama direba, wanda har yanzu yake bin hanyar Zurmi da Shinkafi. Yana karanto suna, Maitama yana amsawa.

"Wannan sun tashi bara. Wancan an ƙone shi. Na gaba akwai mutane, amma sai da izinin 'yan bindiga suke shiga gona."

Da suka zo kan Tungar Gawo, mahaifarsa, sai Malam Jibrin ya wuce zuwa suna na gaba. Wata huɗu ke nan da aka kashe ƙanwarsa Balaraba a can, wadda ta yi renon Anisa. An ɓoye wa yarinyar saboda jarrabawa.

Ranar Alhamis ya kira ta, ya karanta mata sunayen ƙauyukan da har yanzu suke da mutane. Tana rubutawa, har ta tsayar da shi.

"Baba, goma sha biyu na ƙirga. Ban ji Tungar Gawo ba."

"Babu kowa can yanzu."

"Gwaggo Balaraba fa? Tana wurinku?"

Ya faɗa mata ranar da abin ya faru, da inda aka binne ta. Ya daɗe yana jin numfashinta a wayar, da ƙarar babura na wucewa a can garin da bai taɓa gani ba.

"Karanto mini sauran sha taran," in ji ta. "Su ma zan sa su."

Ya gyara tabarau, ya koma shafin farko. A suna na huɗu ya tsaya, ya miƙa wa matarsa Asibi littafin, ta ci gaba.