Cinyar Kaza a Tashar Farin Zalɓe

Abin da ya hana Au-Yeung Man-fai sukuni a ƙarshen shekarar nan bai wuce cinyar kaza ba. Shi ke karanta labarai da Kantonanci a gidan talabijin na Farin Zalɓe, rabin awa kullum da yamma, kuma shirinsa kaɗai ya rage da harshen mutanen Hong Kong. Sauran duk sun koma Mandarin, harshen hukuma na babban yankin ƙasar, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an taɓa kiran taro a kai ba. Ya san ranar da aka sallame shi, ranar shirin zai bi shi, don ba wanda zai ɓata lokaci neman magajinsa. Tsoro yake ji sosai, a gida ma ba ya ɓoyewa.

Ga yadda al'adar take. Rana ta biyu ga sabuwar shekara, mai kamfani ya tara ma'aikata cin abincin rana, a kawo kaza guda dafaffiya, an yayyanka an jera ta yadda take. Duk wanda maigida ya ɗauki cinya ya sa masa a kwano, aikinsa ya ƙare ke nan. Ya ci, ya yi godiya, ya kwashe kayansa, ba cacar baki. Yawancin kamfanoni sun daɗe da barin wannan, amma Tsoho Szeto, wanda ya kafa tashar, ya riƙe ta don wani dalili nasa. Kowace shekara sai ya miƙa tsinkayen cin abincinsa ya ɗauke cinyoyin biyu, ya cinye su shi kaɗai a gaban kowa, likita na hana shi maiƙo yana ci. Ma'ana, bana ba mai tafiya. A tafa masa, sannan a far wa sauran kazar.

To, bana Tsoho Szeto ya sayar da kasonsa, an bar shi da muƙamin girmamawa da wurin ajiye mota. Wa ya saya? Nan ake yin ta. Wani kamfanin buga littattafai ne ya kwashi kaso mafi tsoka. Kamfanin littattafan na wani kamfanin jiragen ruwa ne, na jiragen ruwan na wata hukumar gwamnati ce can Arewa, wato babban yankin ƙasar, hukumar kuwa ta ce ita ba ta harkar talabijin. Man-fai da bakinsa ya karanta sanarwar, ya rufe da maganar da ake rufe kowane shiri da ita: Farin Zalɓe, tasha mai cin gashin kanta.

Matarsa Suk-ching tana soya wainar shinkafa ta sabuwar shekara ya kawo mata kukansa, karo na ba adadi.

"Kai da ke ba duniya labari kullum," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba, "ba ka san wa kake wa aiki ba?"

"Na san wanda nake wa da."

"Da ai ta wuce, tsoho. Je ka nemo mai tashar ka marairaice masa tun kafin a kawo kaza. In ka kasa, ga murfin tukunya nan, ka tafi da shi ka rufe kwanonka."

Ya bi shawararta ta farko. Ya fara da Darakta Geng, wakilin masu littattafai, mutum mai fara'ar da ba ta ƙarewa kuma ba ta kai ko'ina. Geng ya ce su ƙananan abokan tafiya ne kawai, a tambayi Darakta Lou. Ya hau bene wurin Lou, wakilin masu jirage. Lou ya ce shi fa ruwa ya sani, tasha kuwa ai ta masu kallo ce. Ya ba shi lemo biyu, ya raka shi har bakin ƙofa.

Akwai kuma Madam Rong, amma ita bai tambaye ta ba, don mai ba da shawara ce kawai. Daga Arewa aka turo ta, aka ba ta ɗan ɗaki kusa da wurin dafa shayi, ƙofar ko suna babu. Mace ce shiru-shiru, kullum da kofin ruwan zafi a hannu. Mandarin kaɗai take yi. In aka yi Kantonanci a gabanta sai ta yi murmushi ta jira a fassara mata. Saboda haka a gabanta ake gulmar sababbin shugabanni, Man-fai ma ya sha yi, har da kwaikwayon tafiyar Lou.

Abu ɗaya ya rage yake kwantar masa da hankali. 'Yan Arewa ba su san zancen cinya ba, a wurinsu kaza kaza ce. Tsoho Szeto zai zo, zai yi abin da ya saba, su kuma su ɗauka haɗama ce ta tsufa.

Ranar cin abincin aka taru a wani gidan abinci a unguwar Yau Ma Tei, ko'ina jajayen takardu, kowa na yi wa kowa fatan arziki. Man-fai ya tarar an sa shi a babban tebur, abin da ba a taɓa yi ba. Da farko ya ji daɗi. Da ya zauna ya ƙara tunani sai ya ga ba lallai alheri ba ne. Tsoho Szeto na damansa, Geng da Lou na fuskantarsu, Madam Rong kuwa tana can gefen da masu kawo abinci ke ratsawa, kujerar da ba mai so.

Kafin abinci aka nuna fim ɗin tarihin tashar, kamar kowace shekara. A na bara, Tsoho Szeto ne ya kafa ta a wani sito da kyamarori biyu na aro, rufi na yoyo. A na bana, an kafa ta ne bisa buƙatar zamani, Tsoho Szeto kuwa yana cikin waɗanda suka halarta. An nuna shi sau ɗaya, daga baya, yana riƙe wa wani tsani.

"Tsanin ma nawa ne," tsohon ya ce wa Man-fai ƙasa-ƙasa, yana tafi tare da kowa.

"Na tuna shi, Maigida."

"Daina ce min Maigida, za ka ja mana."

Aka kawo miya, aka kawo kifi, sannan kaza ta iso, fatarta rawaya tana sheƙi, ga ɗan kwanon citta da albasa a gefe. Aka ɗora ta a kan faifan gilashi mai juyawa da ke tsakiyar tebur. Tsofaffin ma'aikata a sauran tebura suka ajiye tsinkaye.

Hannun Tsoho Szeto ya tashi kamar yadda ya saba. Ya kai rabin hanya, ya tsaya, ya sauka a kan butar shayi, kamar dama can ita ya nufa. Tsohon ya dubi Geng.

"Darakta Lou, bismillah, ku fara," in ji Geng.

"Wane ni? Ku ne manya, Darakta Geng."

"A'a wallahi, mu baƙi ne a nan."

"Mu ai baƙin baƙi ne."

Suka yi ta tura faifan a tsakaninsu da ɗan yatsa, kaza ta je ta dawo, ta je ta dawo, har tururinta ya fara raguwa. Man-fai na bin ta da ido, wuyansa ya gaji. Daga nan faifan ya tsaya, don su duka biyun sun janye hannu, kuma su duka biyun wuri ɗaya suke kallo.

Madam Rong ta ajiye kofinta. Ta juyo faifan a hankali, ta ɗauki tsinkayen rabo, ta miƙe tsaye don girmamawa. Cinya ɗaya ta sa a kwanon Tsoho Szeto. Ɗayar ta zagayo da ita, ta tallabe da cokali kada ta ɗiga, ta ajiye a kwanon Man-fai.

Wani a teburin masu kyamara ya yar da cokali.

Nan take Man-fai ya ba kansa haƙuri. Baiwar Allah ba ta sani ba. Ta ga dattawa biyu, ta ba su wuri mafi daɗi, shi ke nan. Kuskure ne, ana kuma gyara kuskure. Ya tattaro ɗan Mandarin ɗinsa mai gargada, ya rusuna.

"Madam, na gode ƙwarai. Sai dai a nan wurinmu akwai wata 'yar tsohuwar al'ada, abin dariya ne ma, wai in aka ba mutum cinya..."

"Ci tun da zafinta, Kawu Fai," ta ce.

Da Kantonanci ta faɗa. Ba irin wanda ake koyo a aji ba, irin na matan kasuwar Sham Shui Po masu sayar da ganye, har da jan ƙarshen magana.

"Kakata a nan ta yi sana'ar ɗinki, ita ta raine ni," ta ƙara, tana gyara masa kwanon citta kusa da hannu. "Ita ma cinya aka ba ta. Ta ce gara haka da a bar mutum yana ta tambaya."

Ta koma kujerarta ta ɗauki kofin ruwan zafinta. Geng da Lou suka hau yabon kazar tun ba su ɗanɗana ba. Man-fai ya tuna kwaikwayon tafiyar Lou, ya tuna sauran abubuwan da ya faɗa a wurin shayi, kunya da baƙin ciki suka kama shi. Fiye da kome, shirin ne ya ba shi tausayi, da tsofaffin da ke kunna shi a shagunan shayi don su ji labari da harshen da suke faɗa da matansu.

Tsoho Szeto ya riga ya fara ci. Ya tsotse ƙashi, ya goge baki.

"Likita zai ji daɗi," ya ce. "Bana ɗaya kawai na ci."

Man-fai ya tsoma tasa a citta, ya ci har ƙashi, ya miƙe ya yi godiya kamar yadda ake yi. A bakin matakala wayarsa ta yi ƙara. Suk-ching ce.

"To, ya aka yi? Ka gano mai tashar?"

"Na gano ta."

"Madalla! Ka roƙe ta?"

"Ba sai na roƙa ba," ya ce. "Duk ta ji."