Naɗi Dubu a Jikin Bututun Roba

Ni na ƙona wa 'yata Auta aikinta, saura kwana uku ta kai shi makaranta. In ba ta kai ba, sai ta maimaita shekara.

Taransifoma aka ce ta haɗa, irin wadda babu ƙarfe a cikinta sai iska, mai tofar da wuta ta ka. Ta ce, "Baba, layi ɗaya za a naɗa wayar, kada wata ta hau wata." Na ce shekara ashirin ina naɗin koyil, ba yarinya za ta koya mini ba. Na yi hawa uku, kamar na injin markaɗe. Muna kunnawa wuta ta tsallaka daga hawa zuwa hawa, shago ya cika da ƙauri.

Ƙanena, mai aiki a kamfanin lantarki, ya zo ya leƙa, ya taɓe baki.

"Yaya, wannan ba aikin bakin titi ba ne. Na san mai haɗa wa ɗalibai. Ta karɓo nasa, ta ce nata ne."

"Ƙarya zan ɗora wa 'yata ta kai makaranta? Fice mini daga shago."

Na yanko bututun roba, na wanke, na shanya. Ta ce kada ƙusa ko ɗaya ta kusance shi, na ajiye guduma. Ina juyawa tana ƙirga, waya siririya kamar gashi. A naɗi na ɗari shida wata ta hau wata.

"Baba, warware."

Na warware, na sake naɗawa. Da muka cika dubu muka shafe da banish, man ƙyallin katako, muka kifa masa kwanon alminiyam a ka, wanda na goge sai da ya zama sumul. A gindi muka kewaya shi da bututun jan ƙarfe na tsohon firji, zagaye goma.

Rana ta uku da hantsi ƙanena ya dawo. Muka kunna. Gurnani kawai, babu wuta.

"Yaya, mutumin nan fa har yanzu yana amsa waya."

Auta ta kashe, ta zubar da sauran cajin, ta matsar da maƙalin wayar da ke jikin bututun jan ƙarfen zuwa zagaye na gaba. Ta ce sai bugun wutar naɗin ƙasa ya zo ɗaya da na naɗin sama. Aka kunna, shiru. Na kai hannu zan gyara.

"Baba, hannunka! Koma can."

Na koma. A zagaye na bakwai wuta shuɗiya ta ɓalle daga kwanon, tsawon kamu guda, tana tsatsa kamar bulala. Ƙanena ya yi baya ya kifar da benci.

Ya tashi yana kakkaɓe wando. "To, gobe sai in zo da mota a kai."

"Riƙe motarka," na ce. "A ka zan kai mata."