Kwaɗayin Ƙasar Wata

Tun da cikina ya tsufa ba abin da nake marmari sai farar ƙasa, ga shi a nan Panyu, inda muke zaune a ƙasar waje, ba a samunta.

Sai mijina Musaddiq ya dawo daga wani baje kolin sararin samaniya da 'yar kwalba cike da ƙasa ruwan toka. Ya ce ba ƙasar duniyar wata ta gaske ba ce, masu bincike ne ke haɗa irinta don gwada injina, ake zuba kaɗan a kwalba don tunawa. Ya ɗora ta kan talabijin.

Ran Juma'a ya tafi masallacin Huaisheng. Na yi shara, na dawo gaban kwalbar. Na ɗora tukunya, na sake dawowa, yawuna sai tsinkewa yake. Har na ɓalle murfin sai ɗan cikina ya motsa. Na kira Musaddiq a waya, yana cikin jirgin ƙasa.

"Baban Ikram, da me aka yi ƙasar nan?"

"Dutsen aman wuta aka niƙa, kaifi gare ta kamar garin gilashi. Ramlatu, kar dai ki ce mini..."

"Ban ci ba tukuna."

"Tukuna?"

Na mayar da murfin, na naɗe shi da salatif, na kai wa maƙwabciyarmu Hajjo, 'yar Damagaram. Ta tuntsire da dariya.

"Ke 'yar nan, ƙasar duniya ba ta ishe ki ba?"

"Kulle ta a akwatinki, Hajiya. Ko da kuka na zo, kar ki ba ni sai na haihu."