Gwaten Accar Mama Cecilia

"Anti Luba, don Allah bi ta gefe, kada ki taka mana takardu."

Haka Asher ya tarbe ni, ina riƙe da kwano mai zafi har yana ƙona mini yatsu. Yaron da na goya da zanina, yau shi ke nuna mini inda zan sa ƙafa a gidan uwarsa! Shi da abokinsa sun ture kujerun falo, sun shimfiɗa manyan takardu a ƙasa, sun manna ƙanana masu launi a bango, har a kan hoton marigayi babansa. Abokin nasa, Fa'izu, na kwance rub da ciki gaban kwamfuta yana cin gyaɗa.

"Mamarka ta ce ka zo ka ci a gabanta," na ce.

"Minti biyar, Anti."

Tun jiya nake shan wannan minti biyar ɗin. Na wuce ɗaki, na ajiye kwanon a kan kujerar da ke gefen gadonta.

Ni da Mama Cecilia katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Takur, shekara ashirin da shida. Mutuniyar Pankshin ce, ta biyo mijinta Dutse aikin gwamnati, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya tal. Unguwarzoma ce, kuma 'ya'yana uku a hannunta suka faɗo. Da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta, likita ya ce a mayar da ita gida ta huta, kowa kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Sau uku ina kiran Asher a Abuja, shekararsa biyu rabonsa da gida. Ran Litinin da ya iso, har kuka ta yi don murna. Sai daga baya na ji a bakin Fa'izu cewa akwai gasa a Dutse ran Juma'a, ta matasa masu dabarar kasuwanci a intanet. Ashe gasar ce ta kawo shi, ba kirana ba.

Da na gaya wa Mama, don ni ba na iya riƙe magana, sai ta ce, "Ko me ya kawo shi, Luba, ai dai ya zo."

Abu ɗaya take so. Tana da acca a gwangwani ƙarƙashin gado, wadda ƙanwarta ta kawo mata daga gida tun Kirsimeti. Ta hana kanta, ta ce ta Asher ce. So take ta ga ya zauna a gabanta yana shan gwate, kamar lokacin da yake dawowa daga makaranta ya jefar da jaka a tsakar gida. Ni ban taɓa dafa shi ba, tana kwance ta riƙa koya mini: a wanke accar sau huɗu saboda tsakuwa, a fara dafa ƙashi, gauta kafin yakuwa, kada a cika ruwa. Tukunyar jiya ta kwana ta yi tsami, na zuba wa kaji. Ta yau ita ce ƙarshen gwangwanin.

"Yana zuwa?" ta tambaya.

"Wai minti biyar."

Ta lumshe ido. Ƙafafunta sun kumbura har zani ba ya rufe su sosai. Na ɗauki mafici ina yi mata fifita, muna jin su ta ƙofa.

"To, mu yi manhajar kiran Keke Napep."

"An yi irinta sun fi goma. Kawo wata."

"Dabinon Dutse fa? Mutum na Legas ya danna waya, a aika masa."

"Ko mu haɗa manoman tumatir na Ringim da masu saye kai tsaye, a cire dillali."

"Dillalan su cinye mu ɗanye? Tsaya, 'yan garuwa! Ka danna, ruwa ya zo ƙofar gidanka."

Mama ta yi 'yar dariya da ta koma tari. "Ɗan garuwa da ke tura kura da hannu biyu, da wane hannun zai duba waya?" Ta numfasa. "Kin ji muryarsa? Ta babansa sak."

Ni dai dariya ba ta zo mini ba. Na ajiye maficin na fita, wannan karon a tsakiyar takardunsu na bi, na bar musu shatin silifas.

"Asher, tashi."

"Haba Anti! Kin san ko awa nawa muka..."

"Na ce tashi! Kai wane irin ɗa ne? Kwana uku kana gidan nan, taku goma tsakaninka da ita, sai dai ta ji muryarka kamar rediyo?"

Fa'izu ya daina taunar gyaɗa. Asher ya miƙe, idonsa ja don rashin barci. "Kina zaton wasa nake? Don ita nake yi. In muka ci gasar nan, babban asibiti zan kai ta, a riƙa yi mata wankin ƙoda kamar kowa. Ki bar ni in samo dabara ɗaya mai kyau, ɗaya kawai."

Gaskiyarsa yake faɗi, na gani a fuskarsa, kuma wannan ne ya ƙara ƙona mini rai. "Ba asibiti take nema ba yanzu. Bakinka take so ta ga yana motsi."

Ya biyo ni har ƙofar ɗakin, waya a hannu. Ya tsaya a bakin labule. "Mama, da sauƙi dai ko?"

Ta ɗaga hannu da ƙyar ta nuna kwanon. "Zo ka zauna, ɗana. Zai huce."

"Yanzu, Mama. Bari in..." Fa'izu ya ƙwala masa kira daga falo, wai ya zo ya ga wani abu. Ya saki labulen.

Ta daɗe tana kallon labulen har ya daina motsi. Sannan ta ce in miƙo mata cokalin. Ta goge shi da gefen zaninta, gaba da baya, ta ɗora a kan murfin. "Rufe da kyau, Luba, saboda ƙuda."

Ana kiran la'asar numfashinta ya canza. Na san wannan numfashin, na ji shi a kan mahaifiyata. Na kira Asher sau biyu da ƙarfi, amma sun kunna janareta, suna ta gardama sama da ƙararsa. Na so in tashi in jawo shi da wuyan riga, ita kuma ta riƙe hannuna gam, ban iya ɓamɓare yatsunta in bar ta ita kaɗai ba. Leɓenta na motsi da addu'arsu. Ni ma ina yin tawa. Can sai riƙon ya saki.

Ina shafa mata ido kenan na ji ihu a falo. "Mun samu! Wallahi mun samu!"

Asher ya faɗo ɗakin da takarda a hannu, fuskarsa fal murna. "Mama, ji wannan! Manhajar abincin gida. Mutum na can Abuja ko Legas yana kewar girkin uwarsa, sai ya danna, mu haɗa shi da matar garinsu ta dafa masa. Ke za mu fara sawa, Mama, da hotonki da gwatenki, mu ce..."

"Rage murya," na ce.

Ya dube ni. Ya dubi gadon.

"Je ka rubuta a takardarka," na ce. "Ka rubuta cewa an dafa, an kawo har gida, an jira ka kwana biyu. Ka kai musu ran Juma'a, Allah ya ba ka sa'a."

Ban ji daɗin faɗin haka ba, amma har yau ban yi nadama ba.

Kafin magariba matan cocinsu sun cika gidan. Shugabarsu, Madam Patricia, ta sa aka ɓamɓare takardun bango aka mayar da kujeru. Fa'izu ya naɗe kwamfutarsa ya sulale ba sallama. Aka zo da mota aka ɗauki Mama zuwa ɗakin ajiyar gawa, ni kuma na koma in cire zanin gado.

Na tarar da Asher a tsaye gaban kujerar. Ya ɗaga murfin. Gwaten ya daskare, mai ya kwanta fari a samansa.

"Anti," ya ce, da wata ƙaramar murya da na rabu da ji tun yana firamare, "ko za ki ɗumama mini?"

"A'a."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, ya ɗora kwanon a cinya. Ya ɗauki cokalin da ta goge. Na naɗe zanin na fita tsakar gida, inda matan suka fara waƙa a hankali, ina jin ƙarar cokali na kankare gindin kwano.